Aikin sefti: man fetur, gine-gine, masana'anta, ma'adinai ko asibiti, wanne ya dace da kai?

Yawancin matasan da ke son shiga aikin kiyaye haɗurra a wuraren aiki, wato sefti, da tambayar takarda suke farawa: NEBOSH zan yi, ko HSE mataki na ɗaya zuwa na uku? NEBOSH takardar shaidar horon sefti ce ta wata hukumar Birtaniya, HSE kuwa gajeren kwas ne kan lafiya, sefti da muhalli. Akwai tambayar da ta riga wannan, wato a wane irin wuri kake son tsayawa. Sunan muƙamin ɗaya ne, rigar mai ƙyalli da hular kwano duk iri ɗaya, amma abin da ke kashe mutane a rijiyar mai daban yake da abin da ke kashe su a bene mai hawa goma ko a ramin zinariya. Wanda ya ƙware a wani fanni yana iya zama ɗan koyo a wani. Idan ka zaɓi fannin tukuna, takardar da ta dace za ta bayyana da kanta, kuma kuɗinka ba za su tafi a banza ba.

Ma'aunan da za mu bi

Abu biyar ya kamata ka auna. Kuɗin shiga, wato takardun da ake nema da tsadarsu. Sauƙin samun aikin farko. Ɗorewar aikin, ko yana ƙarewa da ƙarewar kwangila. Haɗarin da ke kanka kai da kanka, na jiki da na ɗaukar laifi idan abu ya ɓaci. Sai na biyar, wanda na fi ba nauyi: iko. Idan ka ce a tsaya, za a tsaya? Jami'in sefti da ba ya iya dakatar da aiki, mai riƙe fayil ne kawai, kuma ranar da aka yi asarar rai sunansa ne a kan takardu.

Abin da ke ɗaya a ko'ina

Ginshiƙin aikin bai canzawa. Ka zagaya ka gano abin da zai iya cutar da mutum, ka auna yiwuwarsa da girman ɓarnarsa, ka rubuta matakin da za a ɗauka, ka horar da ma'aikata, ka binciki kowane haɗari har da wanda saura ƙiris ya auku. Matakan kariya kuma suna da jeri: a kawar da haɗarin gaba ɗaya, in ba zai yiwu ba a musanya shi da mai sauƙi, sai a killace shi da shinge ko na'ura, sai a tsara yadda ake aiki, kayan kariya na jiki su ne na ƙarshe. Wanda ya ɗauka raba takalmi da safar hannu ne aikin, daga ƙarshen jerin ya fara.

Bambancin jami'i da manaja shi ne, jami'i yana fili, manaja shi ke tsara manufar kamfani, ya yi kasafin kuɗi, ya tsaya gaban masu bincike na gwamnati da na kamfanin inshora, ya riƙe ISO 45001, wato tsarin ƙasa da ƙasa na kula da lafiya da sefti a wurin aiki, wanda ya fito a 2018 ya maye gurbin OHSAS 18001. Ba a fara aiki a matsayin manaja, sai an yi shekaru a fili.

Ta fuskar takardu, a Nijeriya akwai ISPON, cibiyar da dokar 2014 ta kafa domin yi wa masu wannan sana'a rajista. Kwasa-kwasan HSE na mataki uku su ne mafi araha, kwanaki kaɗan ake yi, ba su wuce buɗe ƙofa ba. Kwas ɗin IOSH Managing Safely, na wata cibiyar sefti ta Birtaniya, kwana uku zuwa huɗu ne, kuma asali domin shugabannin sassa aka tsara shi, ba domin ƙwararren sefti ba. Takardar NEBOSH ta gama-gari ta ƙasa da ƙasa, wadda ake kira IGC, ita ce manyan kamfanoni suka fi ambata a tallar aiki. Hukumar da ke ba da ita a Birtaniya take, kuɗin jarrabawarta da fam ake lissafawa, don haka duk lokacin da naira ta faɗi farashin sai ya tashi. Difilomar NEBOSH ta ninka wannan a kuɗi da lokaci, ita ce ta masu neman kujerar manaja. Katin OSHA, hukumar sefti ta Amurka, na awa 10 ko awa 30 kuwa horon wayar da kai ne bisa dokokin Amurka, kada wani ya sayar maka da shi a matsayin shaidar ƙwarewa. Mai son karatu na sosai a cikin gida, makarantar koyon aikin man fetur ta PTI da ke Effurun a jihar Delta tana ba da ND da HND a fannin kiyaye haɗurran masana'antu da muhalli. Kafin ka biya kowace cibiya kuɗin NEBOSH, duba sunanta a shafin hukumar, domin takardun bogi sun yi yawa.

Man fetur da iskar gas

Nan ne idon kowa yake, kuma da dalili: albashi ya fi na ko'ina, ikon jami'in sefti kuma na gaske ne. A manyan kamfanoni ko lebura yana da damar dakatar da aiki idan ya ga haɗari, balle kai.

Aikin a nan ya fi karkata ga hana babban bala'i, irin wanda ke cin rayuka da yawa a lokaci guda. Zuciyar aikin ita ce takardar izinin aiki: ba mai kunna walda, ba mai shiga tanki, ba mai kwance bututu sai da takardar da ta nuna an rufe abin rufewa, an auna iska, an san wanda ke da alhaki. Darasin da ake koya wa kowane sabon shiga shi ne na Piper Alpha, wani dandamalin haƙo mai a tekun arewacin Birtaniya, ranar 6 ga Yuli 1988. An cire bawul ɗin kariya na wani famfo domin gyara, labarin bai isa ga masu aikin dare yadda ya kamata ba, suka kunna famfon, gas ya tsiyaya, mutum 167 suka mutu. Sakacin miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu karɓa ne ya fara jawo wannan. Dole kuma ka san iskar H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iskar shaƙa nauyi tana kwanciya a ramuka, kuma idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin kansa, mutum ya ɗauka ta wuce. Dole ka iya karanta na'urar auna iska: iskar oksijin a sarari kashi 20.9 cikin ɗari ce, idan ta sauka ƙasa da 19.5 ba a shiga.

Kuɗin shiga ya fi na kowane fanni. Ban da digiri ko HND, galibi a injiniyanci ko kimiyya, da NEBOSH, mai zuwa teku sai ya yi BOSIET, horon da ya haɗa da fita daga jirgi mai saukar ungulu da aka kifar a cikin ruwa, da kashe gobara, da tsira a teku. Shekara huɗu takardar ke yi, sai a sabunta. Shawarata, kada ka biya wannan daga aljihunka kafin ka ga alamar aiki, domin wa'adinta yana iya cinyewa kana gida. Hukumomin da za ka yi hulɗa da su, tun bayan dokar man fetur ta 2021 da ta rushe tsohuwar hukumar DPR, su ne NUPRC a ɓangaren haƙo mai da NMDPRA a ɓangaren tacewa da rarrabawa.

Shiga da wuya ƙwarai. Yawancin guraben suna Fatakwal, Warri da Legas, inda matatar Ɗangote take, kuma kusan kowace talla tana neman gogewar shekaru. Ɗan arewa yana da ƙofofi kusa da gida: aikin bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, da depo-depo, da tashoshin gas na girki da na mota da ke ƙaruwa. A Nijar akwai rijiyoyin Agadem, da matatar SORAZ ta Damagaram da ta fara aiki a 2011, da bututun da ya nufi gaɓar tekun Benin; a can sai da Faransanci. Ɗorewa kuma ba kamar yadda ake zato ba ce, domin da yawa ta hannun 'yan kwangila ake ɗauka, idan farashin mai ya faɗi su ake fara sallama.

Gine-gine da hanyoyi

Wannan ne fannin da ya fi ɗaukar sabbin shiga, kuma nan ne aikin ya fi wahala a kullum. Masu kisa a filin gini sanannu ne: faɗowa daga sama, faɗowar abu a kan mutum ko bugun mota, wutar lantarki, da ruftawar rami. A dokar Amurka, wadda kamfanoni da yawa ke aro, daga tsayin mita 1.8 sai da kariyar faɗuwa, ramin da ya kai zurfin mita 1.5 kuma sai an tokare bangonsa ko an kwantar da shi. Safiyarka za ta fara da tara ma'aikata na 'yan mintuna ka faɗa musu haɗarin aikin ranar, sannan ka duba dandamalin ƙarfen da magina ke takawa, da igiyoyin injin ɗaga kaya, da wayoyin wuta da aka ja a ƙasa.

Wahalar ita ce wurin yana canzawa kullum, mutanen ma haka. Leburan da ka horar jiya ya tafi, yau wani ne ya zo daga ƙauye, bai taɓa hawa bene ba. Birkila da kafinta da mai walda kowa da ubangidansa, ana biyansu bisa yawan abin da suka yi, don haka duk mintin da ka tsayar da su, a ganinsu abincinsu ka taɓa. Nan ne mai jin Hausa da Turancin buroka yake da fifikon da takarda ba ta bayarwa. Kalma ɗaya cikin girmamawa ga helima, a gefe ba a gaban yaransa ba, ta fi takardar gargaɗi goma aiki.

Iko a nan ya danganta da wanda ya ba da kwangilar. Dokar masana'antu ta 1987 domin masana'antu aka tsara ta, ba ta rufe filin gini yadda ya kamata ba, shi ya sa abin da ke cikin yarjejeniyar kwangila ya fi tasiri. Idan aikin na Bankin Duniya ne, irin su ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa da yaƙi da hamada da ke gudana a jihohin arewa 19 da Abuja, ko na babban kamfani kamar masu shimfiɗa layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, to sharaɗin sefti a rubuce yake, ana iya riƙe kuɗin ɗan kwangila a kansa, maganarka tana da nauyi. Idan kuwa ƙaramin ɗan kwangila ne ya ɗauke ka don a ga yana da sefti, shi ke biyanka kuma shi kake son tsayarwa ranar zuba dekin, ka san yadda za ta kaya.

Ka kuma san iyakar aikinka. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40, amma ingancin ƙarfe da kankare da zanen gini alhakin injiniyoyi ne da hukumomin ba da izini. Naka shi ne, idan ka ga tsaga ko ginshiƙi ya lanƙwashe, ka fitar da mutane, ka rubuta, ka ajiye kwafi.

Kuɗin shiga kaɗan ne: HND ko digiri da HSE mataki na uku suna iya samar maka aikin farko. Ɗorewa ce babu. Gini ya ƙare, aiki ya ƙare.

Masana'antu

Kamfanonin siminti na Obajana, Kalambaina a Sakkwato da Ashaka a Gombe, masana'antun robobi da abinci da na jima a Sharaɗa, Bompai da Challawa a Kano, injinan shinkafa da na taki, duk suna nan. Wurin ba ya canzawa, mutanen ma su ne dai, don haka kana iya gina tsari ka ga amfaninsa bayan shekara.

Haɗarin iri biyu ne. Akwai na nan take: inji ya kama hannu, motar ɗaga kaya ta take mutum, tukunyar tururi ta fashe, gobara. Babbar ƙa'ida ita ce kafin a sa hannu cikin inji a kashe makunninsa, a sa masa kwaɗo, makullin yana aljihun mai gyaran. Sai kuma na sannu a hankali, wanda ya fi cin mutane: ƙurar da ke lalata huhu, sinadaran jima, da ƙarar da ta kai desibel 85 tsawon awa takwas, wadda ke cinye ji ba tare da ciwo ba. Ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara ta dalilin aiki, kuma kimanin miliyan 2.6 daga ciki cuta ce ta kashe su, ba haɗari ba.

Nan doka ta fi fitowa fili. Dokar 1987 ta wajabta yi wa masana'anta rajista, da killace sassan inji masu juyawa, da gwada tukunyar tururi lokaci zuwa lokaci, da kai rahoton haɗarin da ya yi kisa ko ya hana mutum aiki fiye da kwana uku. Dokar biyan diyya ta 2010 kuma ta sa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga NSITF, asusun gwamnati na biyan diyyar ma'aikata, kuma sau da yawa kai za ka bi wa wanda ya ji rauni takardunsa. Tarar da ke cikin tsohuwar dokar ba ta tsorata kowa, masu binciken ma'aikatar ƙwadago kuma ba su da yawa. Abokin takararka na kullum shi ne manajan sarrafa kaya, wanda ake auna shi da yawan buhunan da suka fita. Abu ɗaya da ba a sasantawa a kansa shi ne ƙofar fita. Gobarar masana'antar robobi ta Ikorodu a 2002 ta ci ma'aikatan dare da yawa ne saboda ƙofofi a kulle suke.

Ma'adinai

Fanni ne mai fuska biyu. Manyan kamfanoni suna da tsari mai tsauri irin na man fetur: nakiyar fasa dutse, manyan motoci, iskar cikin rami, ƙarfin bangon rami. A Arlit ta Nijar, inda ake haƙar yuraniyom, ana ƙara auna radiyeshan, wato hasken cutarwa da ba a gani da ke fita daga ma'adinin, wanda iyakarsa ga ma'aikaci milisibat 20 ne a shekara idan aka ɗauki matsakaicin shekara biyar. Makarantar EMIG ta Yamai tana horar da masu shiga wannan fanni. Sai dai rami yana ƙarewa: mahaƙar yuraniyom ta COMINAK da ke yankin ta rufe a Maris 2021.

A arewacin Nijeriya kuwa yawancin haƙar ta masu diga da shebur ce, ba mai ɗaukar manajan sefti. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje ya watsa gubar dalma har yara kimanin 400 suka mutu a yankunan Anka da Bukkuyum, ya nuna girman buƙatar, amma aikin da ya biyo baya na ƙungiyoyin agaji ne da gwamnati. Ga kuma matsalar tsaro a dazukan. Guraben kaɗan ne, kuma sun fi dacewa da wanda ya karanta ilimin duwatsu ko injiniyancin ma'adinai.

Asibiti

A asibitocinmu ba kasafai ake samun kujera mai sunan manajan sefti ba. Aikin yana rabe tsakanin kwamitin hana yaɗuwar cuta, da duba-gari, da mai kula da ɗakin hoto, wanda NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya da radiyeshan, ke sa wa ido. Haɗarin shi ne sukar allura mai ɗauke da ciwon hanta ko ƙanjamau, zazzaɓin Lassa, sharar asibiti, da tukwanen oksijin. NEBOSH ita kaɗai ba za ta shigar da kai ba, sai kana da karatun jinya, ɗakin gwaje-gwaje ko lafiyar muhalli. Albashi matsakaici ne, aikin kuma mai ɗorewa.

| Fanni | Kuɗin shiga | Samun aikin farko | Ɗorewa | Babban haɗari | Ikon tsayar da aiki |
|---|---|---|---|---|---|
| Man fetur da gas | Mafi tsada | Da wuya ƙwarai | Tana bin kwangila da farashin mai | Gobara, fashewa, iska mai guba | Mai ƙarfi |
| Gine-gine | Kaɗan | Mafi sauƙi | Gajera | Faɗowa, ruftawa, lantarki | Ya danganta da mai kwangila |
| Masana'antu | Matsakaici | Matsakaici | Doguwa | Inji, gobara, ƙura, ƙara | Matsakaici |
| Ma'adinai | Mai tsada | Guraben kaɗan | Iya rayuwar ramin | Ruftawa, nakiya, guba | Mai ƙarfi a manyan kamfanoni |
| Asibiti | Sai da karatun lafiya | Ta cikin gida ake shiga | Doguwa | Kamuwa da cuta | Ta hannun kwamiti |

Wa ya dace da wanne

Idan yanzu ka gama makaranta, kuɗinka kaɗan, gine-gine ne ƙofarka. Yi HSE mataki na uku, nemi babban kamfani ko aikin da ke da kuɗin masu ba da lamuni na waje ko da albashin bai kai ba, ka riƙa ajiye kwafin duk binciken haɗari da ka rubuta. Shekara biyu a fili sannan NEBOSH sun fi NEBOSH ba fili.

Idan kana da iyali, kana son kwana a gidanka, kuma kana da haƙurin gyaran da ba a ganin sakamakonsa sai an jima, masana'anta. Ita ce kuma ta fi sauƙi ga mata masu son wannan sana'a ba tare da yawon sansani ba, kuma daga nan hanyar zama manaja ta fi miƙewa, musamman idan ka ƙara takardar binciken ISO 45001.

Idan injiniyanci ka karanta, kana iya jure makonni biyu ko huɗu nesa da gida, man fetur ya cancanci ƙoƙarin, amma ta hanyar 'yan kwangilar bututu da depo za ka bi, ba ta ƙofar gaba ba. Idan ma'aikaciyar jinya ce ke, ko duba-gari ne kai, zauna a fanninka ka nemi shiga kwamitin hana yaɗuwar cuta. Mai ilimin duwatsu da ke jin Faransanci kuma yana da filin da ya wuce Nijeriya, har Nijar da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma masu ma'adinai.

Kowanne ka zaɓa, ranar ganawar ɗaukar aiki ka tambayi abu biyu: wa zan riƙa kai wa rahoto, kuma yaushe aka yi dakatar da aiki na ƙarshe a nan saboda sefti? Idan rahotonka ga manajan da ke gaggawar kammala aikin zai riƙa zuwa, kuma ba wanda ya tuna ranar da aka taɓa tsayawa, ka nemi a rubuta ikon dakatarwar a cikin takardar ɗaukarka kafin ka sa hannu.